Falalu a Kujera ta Uku

Falalu ba ya iya zama a cikin abin hawa bai ga gabansa ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa wannan ba. In ya shiga bas mai bene sai ya hau sama ya nemi kujerar gaba, in an riga shi ya sauko ya tsaya kusa da direba har a ce ya matsa. A jirgin ƙasa, in kujerarsa ta ba hanya baya, ya gwammace ya tafi a tsaye daga Birmingham har Manchester. Yayarsa Zinatu, wadda ke aure a unguwar Longsight ta Manchester, ta daina ɗaukarsa a gaban mota tun zuwansa na biyu, don yana nuna mata kwana da hannu kamar makauniya ce ke tuƙi. In an yi masa magana ba ya musu, ba ya kuma ba da haƙuri. Cewa yake haka aka raine shi.

Gaskiya yake faɗa. Ɗan Yawuri ne, ubansa mai jirgin fito. Lokacin da aka tare kogi aka yi dam, ruwa ya haɗiye daji, itatuwa suka mutu a tsaye, kututturansu suka zauna a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Tun yana ɗan shekara bakwai har ya kai sha biyar, aikin Falalu ɗaya ne duk ranar da babu makaranta: ya zauna a goshin jirgi, idonsa a kan ruwa. In ya ga ruwa ya ɗan tattare a inda babu iska sai ya ɗaga hannu, uban ya karkata. In ya ɗauke ido kuwa, akwai dogon gora kusa da inji, kuma yana kaiwa har ƙeyarsa. Wata ranar kasuwa jirgin maƙwabcinsu ya hau kututture. Su ne suka fara isa wurin. Kwanuka da takalma ya gani suna yawo a kan ruwa, da yamma aka binne mutum goma sha ɗaya. Yaron da ke goshin wancan jirgin yana cin rake ne lokacin.

Daga baya karatu ya raba shi da ruwa. Ya zama injiniya, ya yi aiki shekara biyar a Kaduna, yana da ashirin da tara ya zo Birmingham yin digiri na biyu na shekara ɗaya. Ya kama ɗaki a Small Heath, a saman wani shagon mai gyaran waya. Garin bai yi masa daɗi ba. A aji malamai suna gudu da magana, a kanti sai an ce ya maimaita abin da ya ce, yara masu shekara ashirin sun fi shi sanin komai, har yadda ake sayen tikitin bas. A makon farko aka jera tebura a harabar jami'a, kowace ƙungiya tana neman sababbin mutane. A kan teburin masu tseren jirgin ruwa ya ga an jingine wani dogon filafili, ya fi mutum biyu tsawo. Ya tsaya. Wannan dai, in ji shi a ransa, babu wanda zai koya masa.

Da farko kamar haka ne. Aka kai su gwajin iyo da kaya a jiki, ya gama ya fito yana jiran sauran. Aka ɗora su a kan injin tuƙi, irin wanda ake ja a cikin ɗaki yana auna ƙarfi, ya zo na biyu cikin mutum talatin. Kocin, wani dogon Bature mai ɗingishi, ya rubuta sunansa ya ja layi a ƙarƙashi.

Sai aka sa su a ruwa, a babban tafkin da ke Edgbaston.

Jirgin na mutum takwas ne, dogo kamar tirela, faɗinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Kowa da filafilinsa ɗaya, kowa a kan 'yar kujera mai taya, kuma duka takwas ɗin sun ba gaba baya. Inda suka fito suke kallo. Mutum ɗaya ne ke ganin inda za su, wanda ake kira cox, yana zaune a can ƙarshe da igiyar karkata jirgi a hannu da abin magana a baki. Falalu ya sha ganin wannan a talabijin, amma bai taɓa sa kansa a ciki ba sai da ya zauna. Ya tambayi koci wa ke duba gaba. Koci ya nuna Chloe, wata 'yar siririyar yarinya mai shekara goma sha tara, da hular ulu ta rufe mata gira. Ya tambaye ta shekararta nawa a kan ruwa. Ta ce ɗaya. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin jirgi ya nutse. Ta yi dariya, ta zaci wasa yake.

Kujera ta uku aka ba shi, in an ƙirga daga goshi. A bayansa, a ta biyu, akwai Davou, ɗan Jos da iyayensa suka kawo unguwar Balsall Heath ta nan Birmingham yana ɗan shekara goma, yana karatun haɗa magunguna. Hausarsa ta coci ce da ta kicin ɗin uwarsa, rabinta Turanci, amma ta ishe shi tsokana. Duk lokacin da Falalu ya juya don ya duba gaba, fuskar Davou yake fara cin karo da ita.

"Sarkin ruwa, me ka ajiye a fuskata ne? Sau tara ke nan."

"Ba kai nake kallo ba."

"To babu komai a bayana sai agwagi, mutumina. Su ma sun fi ka sanin hanya."

In da waiwayen ba ya cutar da kowa, da an bar shi da abinsa. Amma jirgi irin wannan, in mutum ɗaya ya yi atishawa bakwai za su ji a gindinsu. Kan mutum yana da nauyi, kafaɗa tana bin kai, hannu yana bin kafaɗa. Falalu na juyawa jirgi zai kwanta gefe ɗaya, filafilan wannan gefen su dinga marin ruwa, na wancan gefen su tashi sama, tuƙin da aka haɗa da ƙyar ya watse. Koci yana bin su a ƙaramin jirgin inji da lasifika a hannu. Cikin mako biyu duk mai yawo da kare a bakin tafkin ya haddace maganarsa: "Three, eyes in the boat." Wato na uku ya mai da idonsa cikin jirgi.

Sau huɗu a mako ake fita. Falalu yana tashi ƙarfe biyar, ya yi sallar asuba in lokaci ya yi, in bai yi ba ya yi ta a ɗakin ajiye jirage a kan rigar ruwansa, ya hau bas biyu. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya zama kanta. Bai taɓa makara ba, bai taɓa fashi ba. Shi ne mai fara ɗaukar jirgi a kafaɗa, shi ne mai wanke shi a ƙarshe. Babu wanda ya ƙi shi. Sai dai in an fito daga ruwa kowa yana shiru na ɗan lokaci, kuma ya san saboda wa.

A farkon Nuwamba koci ya tara su. Ya ce mako na biyu na Disamba akwai tsere a Manchester, na sababbin matuƙa, a kan wani tsohon kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, kilomita uku. Maza goma sha biyu suka rage, kujeru takwas ne. Sannan ya ja Falalu gefe ya gaya masa a fili cewa ƙarfinsa ya fi na kowa sai mutum ɗaya, amma jirgi ya fi gudu in Ameen ne a kujera ta uku. Ameen wani yaro ne shiru-shiru, ba ƙarfi, ba dabara, amma in ya zauna kamar an dasa shi. Koci ya ce ya ba shi mako uku.

Ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya naɗe wuyansa da tawul har ya yi tauri, ya juya da kafaɗa gaba ɗaya, abin ya fi muni. Ya sa ido a kan wata tawadar Allah da ke wuyan na huɗu, ya yi minti uku, ya juya. Ya yi ta karanta addu'o'in da ya sani a zuci. Davou ya yi alkawarin watsa masa ruwan sanyi duk lokacin da ya juya, ya kuma cika alkawari har Falalu ya kama mura. Chloe da kanta ta zo ta same shi, ta ce in yana so za ta dinga faɗin duk abin da ke gaba. Haka ta yi: babu kowa, mita ɗari biyu fili, akwai jirgi ɗaya a hagu amma yana nesa. Ya yi mata godiya da gaske. Ya gaya wa Davou cewa ba wai bai yarda da ita ba ne, ya san tana gani. Amma ido biyu ne kawai, kuma na mutum ne, mutum kuwa yakan ɗauke ido.

Abin da ya taimake shi ya zo ne ba da niyya ba. Akwai wani atisaye da koci ke sa su, kowa ya rufe ido ya yi tuƙi da kunne da jiki. Sauran duk suka rikice. Falalu kuwa, da idonsa ya rufu, sai wuyansa ya saki. Yana jin ƙarar tayoyin kujeru takwas, yana jin lokacin da filafilan gaba suka kama ruwa, yana jin ruwa yana gudu a ƙarƙashin katako, abin da ya sani tun kafin ya san karatu. Jirgin ya miƙe ya tafi sumul. Koci ya kashe injinsa ya tsaya yana kallo. Da suka tsaya ya ce kowa ya buɗe ido ban da na uku.

Mako biyu ya yi yana tuƙi a makance. Yana rufewa tun daga barin gaɓa, ba ya buɗewa sai Chloe ta ce a tsaya. Ba daɗi yake ji ba. Yakan fito da ciwon kai, muƙamuƙinsa ya ƙage don cije haƙori, kuma sau biyu ya yi amai a bayan ɗakin jirage. Amma jirgi yana gudu. Ranar da aka rubuta sunaye a allo, nasa yana kan lamba uku, na Ameen yana ƙasa cikin masu jira.

Ya kira Zinatu ya gaya mata. Ba ta yi murna ba. Ta ce Baba ya yi shekara da shekaru yana fama ya fitar da shi daga ruwa, shi kuma ya haye teku don ya koma ciki, cikin sanyin Disamba, da wando mai matse jiki. Ta tambaya ko ana ba da marks a kan wannan. Ya ce a'a. Ta ce to ita ba ta gane ba, amma ta tambayi wuri da lokaci. Ya gaya mata akwai gadoji uku a kan hanyar, ta ukun ce ta fi kusa da ƙarshe, nan 'yan kallo ke tsayawa. Ya roƙe ta kada ta kira sunansa, kada ta bar yara su kira.

Ranar Asabar ce, sama ta yi toka-toka, ciyawar bakin kanal ta daskare. Ba a jera jirage a irin wannan tsere, don ruwan ba shi da faɗi. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, a auna lokacin kowa. Su ne na shida cikin goma sha huɗu. Sun yi kusan awa a zaune a ruwa suna jira, hannuwa a hammata. Davou yana ta surutu don ya kori tsoro, yana cewa in suka ci zai kai Falalu coci ya ba da shaida. Falalu ya ce in suka ci zai je, amma a kujerar gaba zai zauna.

Aka kira lambarsu. Ya rufe ido.

Sun tashi da kyau. Kanal ba kamar tafki ba ne, bango yana kusa, yana dawo da kowace ƙara, har numfashin mutanen da ke gudu a gaɓa yana ji. Gada ta farko ta zo ta wuce: sauti ya dunƙule a kansu kamar an kife su da kwarya, sannan ya buɗe. Ta biyu ma haka. Chloe tana ihu cewa suna cim ma jirgin da ke gabansu, saura tsawon jirgi biyu, saura ɗaya da rabi. Cinyoyinsa suna ci da wuta, bakinsa ya yi ɗaci, amma bai taɓa jin jirgin ya yi sauƙi haka ba.

Sai Chloe ta yi abin da ta yi masa alkawari tun Nuwamba, ta faɗi abin da ke gaba. Ta ce gada ta uku saura tuƙi goma, matsattsiya ce, amma ta daidaita, kowa ya ci gaba.

Ya ƙirga tare da ita har shida. A na bakwai ya buɗe ido ya juya.

Ya ga gadar. Ya ga jirgin yana tsakiya daidai, da fili a kowane gefe, kamar an auna da igiya. Yarinyar ba ta yi kuskure ko na taki ɗaya ba. Wannan ne abin da ya gani, kuma kafin ya dawo da kansa filafilinsa ya shiga ruwa a karkace. Ruwa ya riƙe shi. Jirgi mai gudu da ƙarfin mutum takwas bai tsaya jiransa ba, sai ƙotar ta dawo ta doke shi a haƙarƙari, ta kwantar da shi a kan ƙafafun Davou, ta wuce ta kan fuskarsa. Jirgin ya ja gefe kamar akuyar da aka fizgi igiyarta. Chloe ta ja tata igiyar iya ƙarfinta, amma goshin ya gogi bangon gadar, aka ji ƙarar har sama.

Ba su nutse ba, babu wanda ya faɗa ruwa. Sun dai zauna a ƙarƙashin gada kusan minti biyu suna fama su ciro filafilin, jirage biyu suka raɓa su suka wuce. Sun ƙarasa a hankali. Na goma sha huɗu suka zo.

Da suka ɗora jirgin a kan tirela babu wanda ya zage shi. Da sun zage shi da ya fi. Na huɗu ya dafa kafaɗarsa ya ce yakan faru ga kowa. Chloe ta zauna a bakin tirela tana kuka, tana cewa da ba ta ambaci gadar ba. Falalu ya je ya tsaya a gabanta, hannu a haƙarƙari, ya gaya mata da Turancinsa mai nauyi cewa ya gani da idonsa, tuƙinta daidai yake, kada ta bari kowa ya ce mata wani abu.

Zinatu ta tafi da shi Longsight. Ta zuba masa tuwo da miyar kuka, mijinta, wanda likita ne, ya taɓa haƙarƙarin ya ce bai karye ba, zai dai yi mako shida yana tuna masa. Yara suna so su yi dariya suna tsoron uwarsu. Ita kuwa ta nemo masa mafita, ta ce ai ƙaramar 'yarta ta ɗan yi ihu a kan gada, wataƙila shi ya ji.

"Babu wanda ya kira ni, Yaya. Ni na juya."

"To me ka gani da ka juya?"

"Babu komai."

Ta dube shi ta ce ya ci abinci kafin ya huce.

Ranar Litinin koci ya kira shi ɗakin jirage. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce zango mai zuwa Ameen ne a kujera ta uku, kuma ba zai sa shi a jirgi na biyu ba, don tsere na gaba a kogi ne mai kwana da gadoji, ba zai ɗora mutum takwas a kan abin da ya riga ya gani ba. Yana iya ci gaba da zuwa injin tuƙi in yana so. Sannan, don ya sassauta, ya nuna masa wani ɗan siririn jirgi da ke rataye a can sama kusa da rufi. Na mutum ɗaya ne, filafili biyu, babu cox. Mai tuƙa shi dole ya dinga waiwaye duk bayan tuƙi kaɗan, in bai yi ba ma laifi ne. Koci ya ce don wannan aka haife shi. Sai dai guda biyu ne kawai a ƙungiyar, kuma ba a ba wa kowa sai wanda ya shekara biyu.

Karatun Falalu zai ƙare a Satumba, bizarsa ba da daɗewa ba bayan nan. Dukansu sun san haka. Ya tsaya ya kalli jirgin na ɗan lokaci, ya ga an rubuta sunan wata mata a gefensa da farin fenti, ya yi wa koci godiya ya fita.

Bai koma injin tuƙi ba. Ya ce jan igiya a ɗaki ana kallon bango ba tuƙi ba ne. Aka yi hutu, aka dawo a Janairu. Yana zuwa aji, yana dawowa Small Heath, yana sayen burodi da madara a kantin kusa da gida. Kantar hannunsa ta fara ɓarewa. Amma har yanzu yana cikin group ɗin jirgin a waya, kuma kowace yamma Chloe tana turo jerin gobe, daga ɗaya zuwa takwas, da lokacin haɗuwa. Yana karantawa daga sama har ƙasa, ko da yake ya san abin da ke lamba uku. Ƙarfe biyar kuma idonsa yana buɗewa ba tare da agogo ba.

Wata Juma'a Davou ya biyo ta Coventry Road ya same shi bayan masallaci, suka tsaya a wurin jiran bas. Davou ya ba shi labarin cewa jirgin yana tafiya lafiya, ba gudu sosai, amma lafiya, kuma yanzu ƙeyar Ameen kawai yake gani, har ya fara kewar fuskar wani. Falalu bai yi dariya ba, ya ce haƙarƙarin bai gama warkewa ba. Da bas ɗin Davou ya ɓullo, sai Falalu ya riƙe hannun rigarsa.

"Ka gaya wa Chloe ta cire ni daga group ɗin nan. Na gwada fita da kaina sau uku, na kasa. Kada ta rubuta komai, kada kowa ya turo mini sallama. Ta cire ni kawai, kafin ta turo jerin gobe."